Yaron da Ya Tsira da Uwar da Ta Mutu a Hanya: Bauta a Ƙagaggun Labaran Tarihi





 An nemi in yi magana a kan ƙagaggen labarin tarihi, wato labarin da marubuci yake ƙirƙira da kansa amma ya dasa shi a cikin wani zamani da aka yi da gaske. Fagen yana da faɗi, don haka na ɗauki reshe guda: labarin yaro ko yarinyar da aka kama aka bautar, Allah kuma Ya ƙaddara suka fito da ransu.

Abin da nake so mu tashi da shi a yau shi ne wannan. Marubuci yakan zaɓi yaron da ya tsira domin sai mai rai yake ba da labari. Amma amanar da ke wuyan marubucin ita ce ta dubban da ba su tsira ba. Idan labari ya sa mai karatu ya rufe littafi yana cewa, "To, ai daga ƙarshe alheri ya zamar masa," ya kuma manta da sauran, marubucin ya ci wannan amana.

Me ya sa yaro?

Duk inda aka rubuta irin wannan labari a duniya, za ku ga yaro ne ko matashi a tsakiyarsa. A littafin Roots na Alex Haley, wanda ya fito a 1976, Kunta Kinte saurayi ne ɗan shekara 17 da aka kama kusa da ƙauyensu Jufure a ƙasar Gambiya. A Copper Sun na Sharon Draper, na shekarar 2006, Amari yarinya ce 'yar shekara 15 da aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa gonar shinkafa a Karolina ta Kudu. Kusa da gida kuwa, marubuciyar Gana Ayesha Harruna Attah ta fitar da The Hundred Wells of Salaga a 2018, inda mahara suka raba wata yarinya Aminah da danginta, har ta ƙare a kasuwar Salaga, wannan Salaga da fatakenmu suka yi ta zuwa sayen goro.

Dalili na farko tarihi ne. Mahara sun fi son mata da yara, domin namiji babba yakan yi faɗa ko ya gudu, yaro kuwa ana iya sauya masa harshe da suna da addini kafin ya mallaki hankalinsa. Lokacin da Bature matafiyi Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu a ƙarshen 1851, ya ga yadda ake kashe manyan maza a tasa ƙeyar mata da yara.

Dalili na biyu na fasahar rubutu ne. Yaro bai san dokar kasuwa ba, bai san hujjar da manya suke kafawa ba. Abin da ya sani shi ne jiya yana kwance a bayan uwarsa, yau yana ɗaure da igiya tare da mutanen da ba ya jin yarensu. Idan mai karatu ya kalli bauta ta idon wannan yaro, duk wani uzuri da zamani ya lulluɓe ta da shi sai ya yaye.

Namu na gida: Shaihu Umar

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Mun riga Roots da shekara 42. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Na biyar shi ne Shaihu Umar, na wani malamin makaranta ɗan Bauchi da bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, shekarunsa ashirin da 'yan kai: Abubakar Tafawa Ɓalewa. An buga littafin a 1934.

Ku lura da wannan shekara. Dokar da Gwamna Lugga ya kafa ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne. Waɗanda aka haifa kafin nan suka ci gaba da zama a hannun iyayengijinsu sai dai in sun fanshi kansu, kuma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Ke nan ranar da Tafawa Ɓalewa ya ɗauki alƙalami, akwai bayi a garin da yake zaune. Akwai tsofaffin da suka kai hari, akwai waɗanda aka kamo. Abokan aikinsa suka rubuta labaran yawon duniya da aljanu da jarumta, shi kuma ya taɓo gyambon da kowa ke rufewa da riga.

Ga waɗanda suka daɗe ba su karanta ba, ga yadda labarin yake a taƙaice. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta, kusa da Bauchi. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya warware musu. An haife shi a Kagara. Mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Aka tafi harin bayi, 'yan'uwansa fadawa suka yi wa Makau sharri cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, sarki ya kore shi, ya nufi Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana, wani ya sace shi. Kura ta cinye ɓarawon a daji, yaron ya faɗa hannun wasu, aka sake kama shi, har ya iso Kano. Daga nan wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami kuma limami.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce marubucin ya wanke bauta tas. To amma bai tsaya nan ba. Ya koma ya ɗauko uwar. Wannan baiwar Allah ta bar kowa da komai ta bi sawun ɗanta. A Kano wani ya yi mata alkawarin zai kai ta inda yaron yake, ashe yaudara ce. Aka ƙetare da ita hamada aka sayar da ita. 'Ya ce, Musulma ce, matar aure ce, amma duk wannan bai hana a yi cinikinta ba. Ta sha duka da ɗauri da wulaƙanci, baƙin ciki ya cinye jikinta. Bayan shekaru Umar ya yi mafarkin da ya tayar masa da hankali, ya taso nemanta. Allah Ya haɗa su, suka gane juna, ba a jima ba ta cika. A hanyar dawowa kuma guguwar rairayi ta binne ayarin, ya rage shi kaɗai.

Jama'a, a ganina nauyin littafin nan yana wuyan wannan uwa. Sunan Umar ne a bango, amma ita ce shaidar da marubucin ya gabatar. Dukansu biyu daga Kano aka ƙetare hamada da su. Ɗan ya samu uban riƙo mai tausayi, uwar ta samu maƙetaci. Babu wata doka ko hukuma da ta bambanta makomarsu, sai halin wanda ya saya. Tsarin da rayuwar mutum ta rataya a kan ko ubangijinsa mai imani ne ko marar imani, wannan tsari zalunci ne ko da an dace da na kirki. Kada mu manta kuma, Abdulkarim ɗin nan mai kirki shi ma falken bayi ne. Ya mai da yaro ɗaya ɗa, ya kora sauran kasuwa.

Akwai masu nazari da suke ganin littafin ya yi sanyi, wai ya jingina komai ga ƙaddara da haƙuri, bai fito fili ya la'anci bauta ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya: Shaihu Umar mai ba da labari ba ya ɗaga murya. Amma ku tuna matashi ne yake rubutu a ƙarƙashin Turawa da sarakuna, a lokacin da masu bayi suke da rai da iko. Ya nuna fadar da ake rabon mutane kamar ganimar dabbobi, ya nuna fadawa masu ƙarya da hassada, ya nuna Musulmi yana sayar da Musulma. Ya bar wa mai karatu yanke hukunci, kuma duk mai zuciya ya san hukuncin. Shi ya sa littafin ya rayu. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. An gyara wannan fim aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Tarihin da ke bayan ƙagen

Wani zai ce ai ƙage ne. To bari mu ajiye ƙage mu ɗauko mutanen da suka rayu.

Akwai Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda mahara suka kama yana ɗan shekara goma sha wani abu. Ya yi ta sauya hannu har Kukawa, inda Bajamushe Overweg, abokin tafiyar Barth, ya 'yanta shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Barth har Tambutu, sannan ya tafi da shi Ingila a 1855 tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. A can ya zauna da wani malamin mishan, Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. Ya rasu a 1912, shekarar da aka haifi Tafawa Ɓalewa. Wato ɗaya daga cikin tsofaffin rubutattun tarihin rayuwa da muke da su da Hausar boko, na yaron da aka bautar ne. Ɗalibanmu nawa ne suka taɓa jin sunansa?

Akwai Muhammad Ali ɗan Sa'id na Kukawa, wanda duniya ta sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka bi da shi ta hamada zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha, har ya ƙare a Amurka ya shiga rundunar Arewa a yaƙin basasarsu, ya kuma buga tarihinsa a 1873. Akwai Mahommah Baquaqua na Jugu, a arewacin Benin ta yau, garin da ke kan hanyar fataken Gwanja, wanda aka kai Barazil ya tsere a Niyok, aka buga labarinsa a 1854.

Waɗannan su ne suka tsira har suka yi magana. Sauran fa? Lokacin da Turawa matafiya Denham da Clapperton suka biyo hanyar Murzuƙ zuwa Barno a ƙarshen 1822, sun tarar da ƙasusuwan mutane fiye da 100 a bakin rijiya guda, galibi bayin da ƙishi da gajiya suka kashe suna dab da ruwa. Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga birnin da kimanin 5,000 a shekara, ya kuma ce waɗanda ake riƙewa a cikin ƙasa su ma suna da yawa. Masana tarihi Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta cewa wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a Daular Sakkwato. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da uwa, yana da sunan da aka raɗa masa kafin a sauya masa zuwa Allah-kyauta ko Nagode.

Ba kuwa don malamai sun yi shiru ba. Tun 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawa cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Gobir da Barno cikin ƙasashen da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya haramta bautar da 'ya'ya Musulmi, kuma kamun da sarakunan Haɓe suke yi musu yana cikin abubuwan da jama'arsa suka yi kuka da shi. Amma kwaɗayi ya fi ƙarfin fatawa a kasuwa, kuma waɗanda ba Musulmi ba, irin su Gwari da mutanen tsaunukan Bauchi da na kudancin Zazzau, ko wannan kariya ta takarda ba su samu ba. Uwar Shaihu Umar tana tsaye ne daidai wannan rata da ke tsakanin abin da littafi ya ce da abin da mutane suka aikata.

Abin da ke kan marubucin yau

Yanzu bari in juya gare ku, matasa masu rubutu, musamman 'yan'uwanmu mata da suka riƙe adabin Hausa da hannu biyu tun shekarun 1980. Tun 1934 aka buga Shaihu Umar, amma har yau wannan fage kusan fayau yake. Ina da shawarwari huɗu.

Na farko, ku san yadda bautar take a nan, kada ku aro hoton gonar auduga ta Amurka ku liƙa wa ƙasar Hausa. Namu tsarin yana da nasa fasali. Akwai rinji, ƙauyen bayi, inda suke noman gandun ubangiji daga hantsi zuwa azahar, sannan kowa ya juya gayaunarsa. Akwai murgu, kuɗin da bawa yake biya don a bar shi ya yi sana'ar kansa, har in ya tara ya fanshi kansa. Akwai cucanawa, waɗanda aka haifa a gida, da al'ada ta ƙi a sayar. Akwai bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano, waɗanda ikonsu ya fi na hakimai da yawa. Akwai ƙwarƙwara da aka sa a ɗaka, wadda ɗanta zai iya zama sarki amma ita ba a tambaye ta ba. Ku karanta Baba of Karo, labarin da wata dattijuwar ƙasar Zazzau ta ba Mary Smith aka buga a 1954. Za ku ji yadda gidansu yake da rinji, kuma duk da haka mahara suka kama matan gidan da yara, sai da aka tara wuri aka fanso su. Mai bayi da safe yana iya kwana a ɗaure. Wannan fargaba ita ce iskar da mutanen wancan zamani suke shaƙa.

Na biyu, ku bar yaron ya zama mutum. Kada ku mai da shi buhun wahala da ake jibga wa duka daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Ku nuna mana dabararsa. Yarinyar da ke maimaita sunan ƙauyensu da na kakarta kowane dare a zuci don kada ta manta. Yaron da ya koyi yaren masu shi amma ya yi kamar ba ya ji, don ya san ranar da za a kai shi kasuwa. Wadda ke shafa tsagar fuskarta ta san cewa wani wuri akwai masu irin wannan tsaga. Tsira aiki ne, kuma wani lokaci tana zuwa da abin kunya: ya saci abincin ɗan'uwansa, ta yi shiru ana dukan ƙawarta. Ku rubuta wannan ma.

Na uku, kada ku sauƙaƙa wa kanku da ɗora laifin duka a kan baƙo. Balarabe ya saya, Bature ya saya, amma wa ya kai hari? Wa ya yi dillanci a kasuwar Kurmi? Wa ya karɓi bayi a matsayin gaisuwa da haraji? Tafawa Ɓalewa ya sa mijin uwar jaruminsa, mutumin kirki Makau, cikin mahara. Wannan ita ce jarumtar marubuci. Idan duk miyagun labarinku masu wani harshe ne ko wata fata, kun yi wa mai karatu rarrashi, ba ku faɗa masa gaskiya ba.

Na huɗu, ku ba waɗanda suka halaka suna da fuska. Ko da yarinyarku ta kai ga 'yanci a babin ƙarshe, mai karatu ya san wadda aka ɗaure su tare da ta faɗi a hanyar Bilma, ya san abin da take so da abin da take tsoro. Toni Morrison ta gina Beloved a 1987 a kan labarin gaskiya na Margaret Garner, wadda ta tsere a 1856, da aka cim mata ta kashe 'yarta don kada a mai da ita bauta. Morrison ta ɗauki wannan 'yar da tarihi ya ba layi ɗaya ta sa ta a tsakiyar littafi. Mu ma muna da irin waɗannan layuka a rajistar kotunan alƙalai ta farkon zamanin Turawa, inda aka rubuta sunayen dubban bayin da suka zo neman takardar 'yanci. Kowane layi littafi ne da ke jiran marubuci.

Me ya sa yanzu?

Wani dattijo zai iya cewa, abin da ya wuce a bar shi ya wuce, tone-tone ba ya haifar da alheri. Ina girmama wannan magana, amma abin bai wuce ba. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani a yankin Ƙonni na Nijar tana da shekara 12, a kan jaka 240 ta sefa, ta zama abin da ake kira wahaya, wato ƙwarƙwarar da aka saya. Jamhuriyar Nijar ta sa hukuncin bauta a dokarta a 2003, kuma a Oktoban 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare ta, ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ce ta tsaya mata. Wannan ba zamanin Barth ba ne, da yawanmu a ɗakin nan mun riga mun girma.

A nan gida kuma, har gobe ana fasa aure saboda an binciko cewa kakan kakan yaro bawa ne. Har gobe ana zagin mutum da asali. Kuma mun ga 'yan mata 276 da aka kwashe daga makaranta a Chibok a 2014, mun ga ɗaliban Ƙanƙara da na Jangebe, mun ga iyaye suna sayar da gona da shanu don biyan kuɗin fansa. Uwar da ke bin daji tana tambayar inda aka kai ɗanta tana nan da rai a Zamfara da Katsina da Barno. Al'ummar da ba ta zauna ta dubi yadda ta taɓa mai da mutum haja ba, ba za ta yi saurin gane abin ba idan ya dawo da sabon suna.

Don haka roƙona uku ne. Malamai, ku dawo da Shaihu Umar aji, ku sa ɗalibai su yi muhawara a kan uwar kamar yadda suke yi a kan ɗan, ku haɗa musu da labarin Dorugu. Masu bincike, ku je wurin tsofaffin da suka rage a tsofaffin rinjoji ku ɗauki maganarsu da izininsu, cikin mutunci, kafin ƙasa ta rufe su. Marubuta kuma ku rubuta, da Hausa, don yaranmu su karanta su san cewa wanda aka bautar ba shi ne abin kunya ba, kuma jikansa ɗa ne kamar kowa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka mutu a ɗaure, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai a yau, Ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya a kan kanmu.